Motar da ke Ɗakin Barau

Wani dare bayan isha, mutanen unguwar su Barau a Gumel suka ji ƙugin mota daga inda mota ba ta taɓa shiga ba. Ƙugin ya yi sama kamar zai tsinke, ya sauko, ya sake hawa, sannan taya ta yi ƙara. Daga cikin gidan Barau yake fitowa, gidan da ko babur sai an karkata shi kafin ya wuce zaure.

Barau tsohon direba ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗibar shanu daga kasuwar Maigatari zuwa kudu, bai taɓa kwantar da mota ba. Da girma ya zo, yanar ido ta sauko masa, abin da ke nesa ya koma masa kamar ana leƙen sa ta cikin kunu. Ya ajiye makulli, ya ce wa mutane ciwon baya ne. Daga matarsa Safara'u sai ɗansa Yazid suka san gaskiya.

Yazid ɗin ne ya gaji da ganin uban a bakin titi yana sauraron manyan motoci, ya kawo masa wani abin wasa: sitiyari da ake ɗaurewa a tebur, totur da birki a ƙasa, da talabijin mai faɗi. Barau ya ce shi ba yaro ba ne. Da Yazid ya koma bakin aikinsa a Maigatari, sai Barau ya jawo kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. A nan ya ga ikon Allah. Titi tar, duwatsu tar, har ganyen itatuwan wata ƙasa da bai san sunanta ba. Kuma a kan titin an shimfiɗa wani zare mai launi. In ya yi kore, ka taka totur. In ya yi ja, ka taka birki.

Ba ya kama sitiyarin sai ya yi addu'ar hawa mota. Safara'u takan tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Malam, yau ina aka nufa? In kudu ce a taho mana da manja."

"Ke dai matsa, kin tare mini madubi."

Da farko tuƙin mai shanu yake yi, yana ba kowa hanya, yana zuwa na ƙarshe a tseren motocin. Sannu a hankali zaren ya koya masa wani tuƙin. Ya daina duban kwana, ya daina duban komai, sai launi. Ya fara zuwa na ɗaya.

A majalisa maƙwabcinsa Sha'aibu, mai sayar da hatsi, ya tambaye shi ƙugin da suke ji. Barau ya ji nauyin ya ce wasan yara yake yi da furfurarsa.

"Na'ura ce ta gwajin direbobi," in ji shi. "Ciwon bayan ya saki. Hannuna ma ya fi da."

Aka yi masa barka. Ya ji daɗin barkar, ya ƙara gishiri. Bayan 'yan kwanaki Sha'aibu ya yi sallama a zaurensa, ya tsuguna.

"Malam Barau, ka san ranar Asabar za a kai Juwairiyya ɗakinta a Sule Tankarkar. Surukina ya ba ni aron bas. Ni kuwa ba zan damƙa 'yata ga yaran nan masu tuƙi da waya a kunne ba. Tunda Allah ya ba ka lafiya, kai nake so ka kai ta."

Barau ya buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshensa, gajera ce. Sai ya tuna barkar majalisa.

"Haba, Sha'aibu. Ai 'yata ce."

Safara'u ta ji komai daga tsakar gida. Da ya shigo ba ta yi masa dariya ba.

"Malam, jiya ka yi wa turmi sallama, ka zaci Goggo yayar Sha'aibu ce. Ka fita ka faɗa masa."

"Hanyar nan ido rufe na san ta."

"To ai ido rufe za ka bi ta."

Ranar Asabar bayan la'asar aka cika bas da mata, da kwalla da tasoshi a baya, amarya a tsakiya an lulluɓe ta. Goggo, yayar Sha'aibu, ta zauna a gaba kusa da direba. Sha'aibu ya ce zai bi su a baya da babur, ya tsaya daga nesa, don dai ya ga sun isa. Barau ya yi addu'arsa, ya tayar da mota. Warin fetur da zafin kujera suka kusa sa shi hawaye.

A cikin gari ya yi ta rarrafe, yana bin lunguna da tunani, yana danna hon ga duk inuwar da ta motsa.

"Direba, jaki muka hau ne?" in ji Goggo. "Ko sai angon ya haihu za mu isa?"

Matan suka sa dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Kunnuwan Barau suka yi zafi. Da suka fita gari titi ya miƙe, ya sake wa motar linzami. Iska ta shigo, gonakin gero suka zama kore ɗaya dogo a gefen idonsa, jikinsa ya koma ɗakinsa. Ya ji kansa sakayau, kamar mai mafarkin tashi sama.

Can gaba wani fari-fari ya kwanta a kan titi. Ya gan shi, bai san ko mene ne ba. A da, ko leda ya hango sai ya ɗaga ƙafa. Yau ƙafar ta tsaya a kan totur tana jiran zare ya yi ja.

"Shanu! Barau, shanu!"

Ya taka birki da duk ƙarfinsa. Motar ta yi kuka, ta juya gefe, ta sauka cikin rairayi, ta tsaya. Kwalla suka zube da ƙara, mata suka yi ta salati. Wani farin sa yana tsaye dab da gilashi, numfashinsa na sauka a kai. Amarya ta bugi kujera da goshi, mayafinta ya zame, tana kuka a fili gaban kowa.

Mai shanun dattijo ne kamar Barau. Ya zo bakin taga ba tare da faɗa ba, ya leƙo.

"Sannu, Malam. Tun kana can nesa nake tsaye tsakiyar titi ina ɗaga maka sanda. Ba ka gan ni ba?"

Barau ya riƙe sitiyari. Ana iya cewa birki ne, ana iya cewa rana ce ta haske ido. Bayansa yana jin shessheƙar yarinyar da aka haifa a kan idonsa. Babur ɗin Sha'aibu ya iso, ya faɗi a rairayi, mai shi ya taho da gudu ba takalmi ɗaya.

"Ban gan ka ba," in ji Barau. Ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Ba na gani. Na daɗe ba na gani."

Ya zare makulli, ya sauko, ya lalubi hannun Sha'aibu ya sa masa. Sannan ya koma gefen titi ya tsuguna, ya cire hularsa yana juya ta. Shanun suka gama tsallakawa a hankali.

Sha'aibu bai taɓa tuƙa abin da ya fi babur ba. Ya dubi makullin, ya dubi matan, ya dubi rana da ta yi ƙasa.

"To yanzu," in ji shi, "wa zai kai mini ita?"