Kwaɗon da Na Sa wa Kundina

Sati uku na yi ina hawa da sauka a benen laburaren jami'armu saboda fom ɗaya tak. Dokarsu ita ce duk wanda ya gama digiri na biyu a ɗora kundinsa a rumbun intanet, kowa ya karanta kyauta. Ni kuwa nawa, kan tace ruwan rijiya da gawayin ɓawon gyaɗa, ko shafi ɗaya ban kai mujalla ba tukuna. Shekara uku ina shan hayaƙi a kansa, ba zan zuba ido wani mai dogon hannu ya kwafe ya manna sunansa ba. Sai na nemi a kulle shi na shekara biyu.

Kai, na ga ta kaina! Malamina ya sa hannu da jan biro, matar ofis ta ce sai shuɗi. Na koma, ya tafi taro. Ya dawo, mai hatimi ya tafi hutu da makullin durowa a aljihu. Ranar da aka gama na buɗe shafin kundina a rumbun, na ga sunana da taƙaitaccen bayani kawai, ga ɗan hoton kwaɗo a gefe. Saura kaɗan in yi kuka don daɗi.

Ran Asabar na biya shagon ɗinkin Baba. Kwafin da na ba shi, mai baƙin bango, kullum yana kan tebur kusa da almakashi. Ranar babu shi.

"Baba, ina littafin?"

Ya tsayar da keke yana murmushi.

"Ai na gano abin da suka yi miki. Na sa maƙwabcina mai kwamfuta ya buɗo min aikinki in nuna wa abokaina, sai muka tarar sun danna masa kwaɗo. Na 'ya'yan wasu a buɗe, naki a rufe! Hassada ce kawai."

Na ce, "Sai aka yi yaya?"

"Sai na ba shi nawa, ya ɗauki hotonsa shafi-shafi ya baza a intanet. Jiya ya ce mutum ɗari huɗu sun sauke."

Sati uku! Jan biro, shuɗin biro! Na buɗe baki zan zazzage masa duk abin da ke cikina, sai na ga yana goge ido da ƙyallen yadi.

"Ni ban yi boko ba," in ji shi, "amma ina raye ba mai ɓoye min 'yata."

Na haɗiye maganar da ƙyar.

"Sannu da ƙoƙari, Baba."