Littattafai Uku da Kawu Hon

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifinta, makarantar koyon tuƙi ta faɗo hannun Malama ba shiri. Ita lissafi take koyarwa a sakandare, shekara goma sha ɗaya, ba ta taɓa shugabantar kowa ba sai 'yan aji. Ta ɗauki dogon hutu, ta zo ta zauna a ƙaramin ofishin tsohon: tebur ɗaya, fanka mai kuka, da allon alamomin hanya da rana ta cinye launinsa. Motoci uku ne, malaman tuƙi uku, kuma babu ɗayansu da bai san ta tun tana rarrafe ba. Akwai Baba Burki, babbansu, wanda bai yarda ɗalibi ya taɓa totur ba sai ya kwana uku yana taka burki. Akwai Dogo, da ba ya magana sai dole. Sai Kawu Hon, wanda in ya yi sallama a ƙofa ake amsa masa daga tsallaken titi.

Ba su raina ta ba. Abin da ya fi damun ta ke nan, don da raini ne da ta san maganinsa. In ta faɗi abu sai su ce to, cikin ladabi, su tafi su yi yadda suka saba.

Ta kai kuka wajen ƙaninta da ke karatun kasuwanci, ya aiko mata da littattafai biyu a kan shugabanci, ɗaya shuɗi ɗaya ja. Mijinta ma ya karɓo mata wani ɗan siriri a wajen abokin aikinsa, ya ce wannan ya gyara rayuwar mutane da yawa. Malama ba ta karatun wasa. Ta sayo biro kala biyu da rula, ta fara ja wa muhimman wurare layi.

Shuɗin ya ce shugaba na gari kunne ne, ya tara mutanensa kullum ya ji ra'ayinsu. Ta kira taro ranar Litinin da safe, ta jera kujeru a da'ira kamar yadda littafin ya zana, ta ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Baba Burki ya cire hula ya duba cikinta ya mayar. Bayan an tashi Dogo ya biyo ta, murya ƙasa-ƙasa, ya ce in sallamarsu za a yi gara a faɗa musu da wuri, yana da iyali.

Ta koma kan jan littafin. Shi kuwa cewa ya yi yawan shawara alamar rauni ce, shugaba ya yanke hukunci ya wuce, kada ya tsaya bayani. Sai ta sauya jadawalin darasi gaba ɗaya ta manna a bango ba ta ce da kowa komai ba. Washegari ɗalibai biyar suka zo ƙarfe takwas, mota ɗaya kawai ke nan, sauran biyun suna wajen bakanike kamar kowace Laraba tun shekarun da ba ta san adadinsu ba. Babu wanda ya gaya mata, tunda ba ta tambaya ba.

Ɗan siririn ya ce ta zaɓi abu ɗaya mafi muhimmanci a rana, sauran duka ta ce musu a'a. Ta wuni tana ƙoƙarin gane wanne ne abu ɗayan. A lissafi in hanyoyi uku suka ba da amsa uku, to biyu kuskure ne, ko duka ukun. A nan kuwa kowane marubuci ya kawo hujja da labaran kamfanonin da suka bi shi suka ci nasara. Ta gaya wa mijinta haka, ya ce wataƙila a jere ake shan su kamar magani, ba a haɗe ba.

Ana cikin haka wata ɗaliba, ma'aikaciyar jinya, ta shigo ofis idonta jawur. Ta ce ba za ta sake shiga motar Kawu Hon ba. Tsawa yake mata tun daga tashi har dawowa, in ta yi tambaya ya yi banza da ita, yau har ta kusa hawa kan bakin kwalbati don rikicewa. Ta ce ita ce ta uku da ta bar shi, sauran ba su yi magana ba ne kawai.

Malama ta baje littattafan a tebur. Shuɗi ya ce ta zauna da shi ta saurari damuwarsa. Ja ya ce ta sallame shi kafin ya kori sauran ɗalibai. Siriri bai san da zaman Kawu Hon ba.

Da yamma ta biya gidan mahaifinta. Yana kishingiɗe a falo, an tokare shi da matasan kai, bakinsa ya ɗan karkace. Ta zayyana masa komai, ta nuna masa littattafan ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗaga hannun da ke motsi, da ƙyar ya ce, "Arba'in."

Ta buɗe shafi na arba'in a kowanne. A shuɗi labarin wani mai masana'antar takalmi ne. A ja hoton dala ne mai hawa biyar. A siriri farar takarda ce, ƙarshen babi. Ta tambaye shi wanne yake nufi, ya lumshe ido. Mahaifiyarta, da ke ninke kaya a gefe, ta ce ita a ganinta shekarun da suka yi tare da Kawu Hon yake faɗa. Ƙanwar Malama ta ce a'a, tun safe yake neman a sa masa tasha ta arba'in a talabijin. Malama ta fito kanta ya fi ɗaurewa fiye da yadda ta shiga.

Da ta rasa abin yi, sai ta roƙi ma'aikaciyar jinyar ta yi haƙuri ta ƙara darasi ɗaya, ita kuma za ta zauna a kujerar baya. Kawu Hon bai so ba, amma ya buɗe mata ƙofa.

Suka hau titi. Tsawar tana nan kamar yadda aka faɗa, sai dai Malama ta lura fuskarsa ba ta mai fushi ba ce, har murmushi yake yi yana daka ta. A wata mahaɗa ɗalibar ta tambaya ko dama za ta bi, idonsa na kan madubi, bai amsa ba. Da ta sake tambaya yana kallon bakinta, nan take ya amsa. Malama ta matso daidai bayan kunnensa na hagu ta ce, "Kawu, tayar baya ta sace." Ko gezau.

Da suka dawo ta jira ɗalibar ta tafi, ta tsaya a gabansa inda zai ga leɓenta.

"Kawu, tun yaushe ba ka ji sosai?"

Ya kalli mukullin da ke hannunsa. Ya ce shekara biyu ke nan, kuma babanta ya sani, sun yi za su je asibiti sai ciwo ya riga su. Muryarsa a karon farko ta yi ƙasa.

"'Yata, in kika karɓe motar nan, ban san me zan tashi in yi da safe ba."

Malama dai ta san ba za ta bar shi ya fita da ɗalibi a haka ba, ko da minti ɗaya, ta kuma gaya masa. Ya yi kwana huɗu bai zo ba. Baba Burki ya daina yi mata to, ya fara yi mata musu a fili, ita kuma ta kasa gane ci gaba ne wannan ko lalacewa. Rana ta biyar ta je har gida ta ɗauko Kawu Hon a tasi zuwa wajen likitan kunne, suna tafe yana gyara wa direban tasin tuƙi.

Bayan sati uku ya dawo da ɗan na'ura maƙale a kunne, likita ya ba da takardar cewa zai iya aiki. Ma'aikaciyar jinyar dai ba ta koma motarsa ba, wajen Dogo ta ƙarasa. Shi kuma Kawu Hon ya shigo ofis da ƙorafi tun ranar farko: injin motarsa yana wani ƙara da bai yarda da shi ba, kuma a gaya wa Baba Burki ya rage ɗaga murya, mutane ba kurame ba ne.