Wata Huɗu Tsakanin Tagwaye

A ƙauyen Kot Mehra ba a tambayar mutum ranar haihuwarsa, don an san amsar ba ta da amfani. Malamin firamare ne ke raba wa yara ranaku idan an kai su makaranta. Ya dubi haƙoran yaro, ya dubi tsayinsa, ya rubuta abin da ya zo masa a ka. Chacha Barkat, wato Baffa Barkat, shi kansa takardarsa ta ce ɗaya ga Janairu, alhali har uwarsa ta koma ga Allah tana ba da labarin yadda naƙudarsa ta kama ta ana tsakiyar yankan alkama, ana zafi kamar a dafa mutum.

Shi ya sa ranar da amsar ofishin jakadanci kan bizar iyalin ɗan yayansa ta iso, hankalinsa bai tashi ba. Daɗi ma ya ji, don ya sami abin bincike. Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a kan keke kafin ya yi ritaya, kuma Allah ya jarabce shi da son jin ƙwaƙwaf. Bai taɓa farke wasiƙar kowa ba, a ba shi wannan. Ɗaga ta dai yake yi ya haska da rana.

Ɗan yayansa, Tanvir, ya kusa shekara goma sha takwas a Barsalona yana sayar da kayan miya, sai bana ya cika sharuɗɗan ɗauko iyalinsa: matarsa Rukhsana da tagwayensu, Areeba da Shehroz. Takardar ta ce an dakatar da maganar gaba ɗaya. An haifi Areeba a watan Maris, Shehroz a watan Yuli na shekarar, kuma uwa ɗaya ba ta haihuwa sau biyu cikin wata huɗu. An ba su wata guda su yi bayani. Yaran kuwa sun kusa sha bakwai, da zarar sun cika sha takwas ƙofar ta rufe musu, uwar ta zaɓi miji ko 'ya'ya.

"Aikin malamin makaranta ne," in ji Barkat. "Tagwaye ya raba wa wata kamar yana raba gado. Kwantar da hankalinki, puttar, 'yata. Lauya kawai za mu nemo."

Rukhsana ta ce to, ba ta ɗaga kai daga kwaɓin gurasar da take yi ba.

Ranar Litinin suka hau bas zuwa Kharian. A can akwai wani titi da kowane shago ya rataye tutocin ƙasashen Turai, har mai gyaran waya. Wanda aka fi yabawa cikin dillalan biza wani mai ƙaton agogo ne, ya sa aka kawo musu lemo mai sanyi tun kafin su zauna.

"Tagwaye? Wannan ai wasa ne, Chacha ji. Sati uku na fitar muku da sabuwar takarda, rana ɗaya, awa ɗaya. In kuna so har da minti."

"Madalla. A ina ka yi karatun lauya?"

"Ni ba lauya ba ne, na fi lauya."

"To wancan hoton na bango da kuka ɗauka da Bature, ya aka yi inuwarka ta yi gabas tasa ta yi yamma?"

Ba su daɗe ba aka nuna musu ƙofa. A waje Barkat ya ce abin da ya fi ba shi mamaki, mutumin ko buɗe jakar takardun bai yi ba.

Suka wuce harabar kotun Gujrat, inda lauyoyi ke jere a rumfuna da baƙaƙen kwat ɗinsu cikin wannan rana. Barkat ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan na rikicin gona ne, wancan na satar shanu, na ukun ya ce yana yin komai, wanda a wurin Barkat daidai yake da ba ya yin komai. Wani tsoho mai shayi ne ya ji tausayinsu.

"Maganar biza ce? Ku hau benen da ke saman mai sayar da yadi. Nuzhat Cheema. Amma ku shirya, tambaya gare ta kamar mala'ikun kabari. Mutane da yawa sun gudo."

Barkat ya ji kamar an yi masa albishir da 'yar'uwa.

Lauya Nuzhat mace ce 'yar siririya, tabarau a ƙarshen hanci, ba tuta ko ɗaya a ofishinta. Ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ta zazzage takardun a tebur ta yi ta karatu, tana jefa gasasshen wake a baki ɗai-ɗai. Barkat ya lura ita ma tana ɗaga takarda ta haska da taga, nan take ta kwanta masa a rai. Ya gyara zama ya kwashe labarin malamin firamare ya ba ta, har da na yankan alkama.

"Labarin ya yi daɗi, Chacha ji," ta ce. "Amma ka dubi hatimin nan. Na makaranta ne?"

Ya karɓa ya duba. Hatimin ofishin rajistar haihuwa ne na garin su Rukhsana, kuma an buga shi a shekarar da aka haifi yaran, tun ba su san hanyar makaranta ba. Shi da ya ƙare rayuwarsa a kan hatimi, bai duba wannan ba. Kunya ta kama shi.

"Wa ya je ya rubuta su?" Lauya ta tambayi Rukhsana.

"Abba na, Allah ya jiƙansa."

"Mai wasa da rubutu ne?"

"A'a."

"To. Hanya mafi sauƙi ita ce gwajin jini. Ke da yaran biyu. Sakamako ya fito, mu aika, magana ta ƙare. Ana iya yi gobe."

Barkat ya buga cinya ya ce ashe abin ba wuya. Rukhsana kuwa bakin mayafinta take naɗewa a yatsa tana warwarewa. Lauya ta daɗe tana kallonta, sannan ta ture kwanon waken gefe.

"Chacha ji, ko za ka ɗan ba mu wuri?"

"Ƙyale shi, Baji, yayata," in ji Rukhsana. "Ko ya fita, a bayan ƙofa zai tsaya."

Daga nan ta fara, muryarta ƙasa-ƙasa. Kowa ya san mace a gidan iyayenta take haihuwar fari. Ita ta tafi tun cikinta na wata biyar, don yayarta Farzana na can ita ma tana jiran nata. Farzana ta haifi mace a watan Maris, kwana shida uwar ta rasu. Uban jaririyar ya zo gaisuwa, ya leƙa ta sau ɗaya, ya tafi Karachi ya yi wani aure. Da madarar akuya aka riƙe ta har Shehroz ya zo, sannan Rukhsana ta haɗa su a ƙirji ɗaya. Tanvir ya ce mata ta waya kada ta yarda a kira yarinyar marainiya a gidansa. Ba ta dawo Kot Mehra ba sai da yaran suka fara tafiya, ta ce tagwaye ne.

"Na roƙi Abba ya rubuta musu rana ɗaya. Ya ce ya yarda ya sa sunana a gurbin uwa, tunda ni zan shayar. Amma ƙarya ɗaya ta ishi takarda, ba zai ƙara ta biyu ba."

Barkat ya yi lissafi a ransa. A ƙauyen da kowa ke yawo da ranar aro, ashe waɗannan biyun ne kaɗai na gaskiya. Shekara goma sha shida yarinyar tana hawa kekensa tana ce masa Dada, wato kaka, shi mai cika baki cewa ko kaza ta yi ƙwai a Kot Mehra ya sani. Ba haushi ya ji ba. Tausayin Rukhsana ne ya cika shi.

"Areeba ta sani?" Lauya ta tambaya.

Rukhsana ta girgiza kai.

"Saurare ni. In kika koma wurin masu buga sabuwar takarda, can za su nemi gwajin jini da kansu, su rufe muku ƙofa ku duka, shi ma Tanvir abin ya taɓa shi. Hanyar da nake da ita doguwa ce. Mu nemi ƙarin lokaci, mu je kotu a gyara rajista, alƙali ya ba ku riƙon yarinyar a hukumance, sannan mu sake nema. Ban ce lallai za a dace ba. Kuma yarinyar ta yi girman da alƙali zai tambaye ta da bakinsa. Dole ta ji kafin ranar."

"In na tafi da Shehroz kaɗai fa?"

"Wannan wata biyu ya isa."

"Ba tambaya nake don in yi ba, Baji. So nake in ji da kunnena abin da na ƙi."

Lauya ta jawo takarda. Ta ce tana buƙatar shaida, wanda ba na gidan su Rukhsana ba, da zai rantse cewa a hannunta yarinyar ta tashi tun tana tatata, kuma ya iya amsa tambaya dalla-dalla. Ta ce irin wannan shaidar wuyar samu gare shi, mutane ba sa lura da komai.

Barkat ya yi gyaran murya.

Ya faɗi watan da suka dawo da motar da ta sauke su. Ya faɗi ƙunshin da Tanvir ke aikowa kowace Sallah, takalma ƙafa biyu, na Areeba kullum ya fi girma da lamba ɗaya. Ya faɗi shekarar da ƙyanda ta kwantar da ita, Rukhsana ta kwana tara ba ta fito tsakar gida ba, da sunan ma'aikaciyar da ta yi musu rigakafi, da inda take zaune yanzu. Lauya ta cika shafi uku, ta girgiza yatsunta don sun gaji.

"Chacha ji, wai akwai abin da ba ka sani ba a garin nan?"

"Ɗaya ne," ya ce. "Yau na ji shi."

La'asar sakaliya suka isa gida. Shehroz ya tafi ƙwallo. Areeba na tsakar gida tana tsince shinkafa, ta taso da faranti a hannu.

"Dada, an samu lauyan? Me ya ce? Malamin makaranta ne, ko?"

Barkat ya dubi uwar. Rukhsana ta karɓi farantin ta ajiye a kan gadon igiya, ta kama hannun yarinyar.

"Zo ciki, puttar. Akwai hoton da zan nuna miki."

Suka shiga, ƙofar ta rufu. Ƙofa ce ta tsohon katako, da tsaga a gefen hagu daidai tsayin kunnen mutum, Barkat ya san ta sarai. Ya tsaya yana kallonta. Sai ya ɗauki kujerarsa ya fita da ita har bakin titi, ya jawo ƙofar gidan ya zauna a gabanta.

Ba a jima ba maƙwabciyarsu ta taho da ɗan kwano, wai aron gishiri.

"Chacha, an dawo? Me lauya ya ce?"

"Gishirinmu ya ƙare," in ji Barkat. "Ki dawo gobe."