Ba Su Zagaya Filin Ba

Shekara goma sha huɗu muna riƙe da kulob ɗin Auduga United, mu uku: ni, da Alhaji Shitu mai gidan gurzar auduga, da Alhaji Kabiru mai gidan mai a hanyar Zariya. Sunana Sanda. Hatsi nake saya a kasuwar Dandume in kai Funtua, sana'ar da na gada ke nan. Ƙwallo kam ban gada ba, ƙuruciya ce da son a sani suka jefa ni. Da muka kafa kulob ɗin, Shitu ya kawo mota, Kabiru ya ɗauki nauyin riguna da mai, ni kuma na ba da gonar mahaifina ta bakin hanyar Dandume, aka baje kunyoyin aka yi fili.

Da farko abin akwai daɗi. Da muka hau rukuni na biyu na ƙasa kuwa, sai daɗin ya fara guduwa. Yau a ce wasa a Maiduguri, jibi a ce Lakwaja, ka saka yaran mutane ashirin a mota kana addu'a su dawo lafiya. Alƙalin wasa ya yi maka fashi da rana tsaka, ka kai ƙara, a ci ka tara. Ranar kasuwa ina tsakiyar awo, waya ba ta barina: wane ya gurɗe, wane ya yi yaji, motar ta mutu a Pambeguwa. In an ci mu, 'yan kallo su zagi uwata, wadda har ta koma ga Allah ba ta san yawan mutanen da ke buga ƙwallo ba. Na gaji, gajiyar da barci ba ya magani.

Mutum ɗaya ne bai gaji ba, shi ne Habila mai kula da fili. Dattijo ne daga wajen Dayi, ya girme ni da kusan shekara goma, manomi ne kafin ya zo wurinmu. Da hannunsa ya dasa ciyawar filin nan. Bakin fadama yake zuwa ya ciro kiri-kiri, ya ɗauro a bayan keke, ya dasa layi-layi kamar mai dashen albasa. Da rani ya ja tiyo daga rijiyar burtsatse tun da asuba. Ranar Lahadi in ya taso daga coci ko gida ba ya zuwa, sai ya tuɓe rigar zuwa cocin ya rataye a jikin raga, ya dama farar ƙasa ya ja layi kafin wasan ƙarfe huɗu. Ko ni da nake mai fili, in na taka ciyawar da takalmi mai tauri sai ya yi mini tsawa. Baƙi in sun zo, kafin a take wasa sai ka ga suna shafa ta da hannu.

Bayan girbin bara wani Isah ya fara yi mana sintiri. Dillali ne, amma na zamani, mai jaka da turare. Ya ce wani kamfani daga nesa yana son sayen hannun jarinmu gaba ɗaya. Kabiru bai bari ya rufe baki ba ya ce ya sayar. Shitu ya ja kwana biyu don kada a ce ya ƙosa, shi ma ya bi. Saura ni, kuma masu sayen sun ce duka suke so ko su fasa.

Ban san yadda maganar ta kai kunnen Habila ba. Wata safiya na biya ta filin na tarar da shi a durƙushe yana cire haƙin nan gemun kwaɗo daga cikin ciyawa a gaban raga. Bai ɗago ba ya gaishe ni.

"Alhaji, an ce za ku sayar da mu."

"Ba ku za mu sayar ba, Baba Habila. Hannu kawai za a canza."

"To, filin fa?"

"Fili ina za shi? Ka taɓa ganin an sayi gona an ɗauke ta? Wanda ya saya shi ke zuwa wurinta. Za su zo da kuɗinsu, a gyara wurin zama, ƙila ma su saya maka sabon injin yankan ciyawa."

Sai a lokacin ya miƙe, yana kaɗe gwiwa. Ya ce ƙaninsa ya yi masa maganar ya koma Dayi su haɗu su noma gonar gado bana, in kuwa ba zai zo ba a ba wani aro. Amsa ake jira kafin ƙarshen wata.

"Ka faɗa mini gaskiya, Alhaji. In tafiya ce in tafi da wuri."

Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ka ce su ba da aron. Muddin ina raye, ƙwallo ba za ta bar filin nan ba. Ni na faɗa maka."

Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Ni abin da na sani a ciniki iri biyu ne, na gona da mai saye ke zuwa wurinta, da na dabba da yake ja ya tafi da ita, kuma ban taɓa kawo wa raina cewa kulob yana cikin na dabba ba.

Ranar cinikin muka taru a falon Shitu bayan azahar. Masu sayen sun turo mutum biyu da lauya. Aka kawo takardu da Turanci, masu kauri. Lauyan ya yi mana bayani da Hausar da ya koya a makaranta: za su karɓi rajistar kulob, da matsayinsa a gasa, da kwantiragin 'yan wasa, da mota. Na ce fili fa? Ya duba takarda ya ce fili ba ya ciki, yana nan a hannuna. Ka ji sakarci, murna na yi. Na ce a raina ga gonar ubana ta tsira, kuma har haya za su riƙa biya.

Abu ɗaya ya ɗan tsaya mini. Duk wanda zai sayi gona a ƙasarmu, ko kadada rabi ce, sai ya zagaya ta da ƙafa, ya ga iyaka, ya damƙi ƙasar ya murza. Waɗannan mutane sun kwana biyu a Funtua, ba wanda ya ce a kai shi ya ga fili. Na yi musu tayi ma, na ce mu je ku ga ciyawar da babu irinta a rukunin nan. Babbansu ya duba agogo ya yi murmushi ya ce wani lokaci. Na ɗauka yarda ce. Ni da nake gane buhun da aka yi wa algus tun daga ɗaurin bakinsa, wannan ta wuce ni.

Isah ya haɗa hannuna da na babban nasu ya ce, "Alhaji, ka sallama?"

Na ce, "Na sallama. Allah ya sa albarka."

Aka shafa fatiha, muka sa hannu. Da na fito na ji jikina sakayau, ban taɓa cin tuwo da daɗi irin na ranar ba.

Sati uku bayan nan Habila ya kira ni a waya, abin da bai saba ba. Ya ce in zo fili yanzu. Na tarar da motar kulob a bakin ƙofa, an kankare sunan Auduga daga jikinta, ana loda ƙwallaye da riguna. 'Yan wasa tara suka zaɓa za su tafi da su, sauran an ce kowa ya kama gabansa. Direban ne ya gaya mini inda za su, wani gari da ko a mota mai lafiya sai ka yini ka kwana. Can za a riƙa wasa, da sabon suna.

Daga nan gidan Shitu na wuce ko sallamar kirki ban yi ba.

"Ka san za su tafi da kulob ɗin?"

"Haba Alhaji Sanda. Gurbi suka saya. Su hawa rukuni na biyu ne ba sa son wahalarsa, shi ya sa suka sayi namu da muka riga muka hau. Me za su yi da Funtua? Na ɗauka ka sani. Kowa ya sani."

"Ni ban sani ba. Kuma na yi wa mutum alkawari."

"To je ka ce ka fasa."

Ya san ba zan iya ba. Ko da lauya bai riƙe takarda ba, na furta sallama a gaban shaidu. Ɗan kasuwar da ya sallama ya dawo ya ce ya fasa, ya gama cin kasuwa a Dandume, ba mai ƙara ba shi buhu a kan magana. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Da na zauna a mota na tambayi kaina, in da za a ce ga kulob ɗin an dawo maka da shi, za ka karɓa? Na tarar ba na so. Wannan ta fi komai ba ni kunya.

Na yi wata biyu ina kauce wa hanyar filin. In zan je Dandume sai in kau da kai in na zo daidai wurin. Ban tsayar da albashin Habila ba, ta hannun yaron shagona nake aika masa, don ba ni da idon da zan kalle shi. An ce mini har lokacin yana jan tiyo da asuba.

Ranar da aka yi ruwan shuka na farko, da hantsi, sai ga shi a ƙofar shagona a kan kekensa. Ya rame. Ya gaishe ni yadda ya saba, ya zauna a kan buhu, ya ciro makullin ɗakin famfo ya ajiye a gabana.

"Baba Habila, na yi maka ƙarya."

"Ba ƙarya ka yi ba, Alhaji. Ba ka sani ba ne."

Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi. Na tambaye shi gonar Dayi. Ya ce an ba da aron tun wancan watan, mai aron har ya kai taki. Na ce to ya zauna ya ci gaba da kula da filin, ko yaran unguwa sa riƙa bugawa, albashinsa na nan.

Ya girgiza kai. "Ciyawar nan ba ta yaran unguwa ba ce, sati biyu za su mai da ita turɓaya. Ni kuma ba zan ci kuɗin ban-ruwan abin da ba mai hawa ba. Damina ta faɗi, Alhaji. Ka sa a huɗe."

Na ɗauki makullin. Ya ce abu biyu yake roƙo. Na ɗaya, a bar shi ya cire sandunan raga da kansa kafin tarakta ta shiga. Na biyu, in ba shi gefen yamma, wajen da 'yan kallo ke tsayawa da rana, ya shuka abin da zai ci bana.

Na ce ya ɗauki duka filin.

"A'a, gefen yamma ya ishe ni. Tsakiyar ka sa wani ya yi, hannuna ba zai iya ba." Ya miƙe ya kama kekensa, sannan ya juyo. "Masara za ka sa, Alhaji, kada ka sa dawa. Shekara sha huɗu ina ba ƙasar nan taki, za ka ga masarar da ba ka taɓa gani ba."