Gadon Maimunatu

Ni Asabe ba a yi mini gori a kan ƙanwata in yi shiru, kowa a Kaura ya san da haka. Saudat tana da farfaɗiya tun tana ƙarama. To, sai me? Tana shan maganinta, tana girkinta, kitson da take yi babu mai irinsa a unguwarmu. Ciwon yakan zo mata jefi-jefi, yawanci cikin barci, ya girgiza ta ya sake ta. Da ta haifi ɗiyarta ta fari, a daminar shekarar da aka fara Shari'a, gidanmu ta zo wankan jego, tunda mahaifiyarmu ta rasu kuma ni ce babba.

Ranar suna aka raɗa wa jaririya Maimunatu, sunan uwar mijin, mu kuma muka yi mata laƙabi da Ummi. Da mata suka fara watsewa sai ita Hajiya Maimunatun, wadda ta zo daga Shinkafi da gayyarta, ta same mu a ɗaki.

"Asabe, zamna mu yi magana," in ji ta. "Yarinyag ga ba ta kwana da jinjira. In ciwo ya tashi ta danne ta, mi za mu ce ma Allah? In an ci kasuwar Alhamis Shu'aibu zai kawo ni in ɗauki takwarata. Matar ɗana Ismail na shayarwa, sai ta haɗa da nata."

Na juya na kalli Saudat. Kanta a ƙasa, tana murza bakin zane. Me za ta ce? 'Yar fari ce, ga al'ada uwa ba ta nuna so a kanta, ko sunanta ba ta faɗi, balle kuma sunan na surukarta ne. Ko kuka jaririyar take yi a gaban manya, sai an miƙa mata ita tana noƙewa. Shi kuwa Shu'aibu, mijin, direban motar Shinkafi ne, bakinsa kamar reza a tasha, amma a gaban uwarsa ko tari ba ya iyawa.

Na ce, "Hajiya, ai ina nan, ni nake kwana da su."

"Bayan arba'in fa? Ke za ki bi ta gidan miji?"

Wallahi na ji haushi, don ta faɗi gaskiya.

Da suka tafi Saudat ta rufe ƙofa, ta rungume ɗiyar, ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba. Sannan ta share ido ta ce, "Yaya, ba ni ba da ita. A nemo mata wurin kwana nata, kusa da ni, inda jikina ba ya kai mata amma hannuna na kai."

Muka shiga gwaje-gwaje. Na jawo babban masakin marigayiya muka shimfiɗa zani a ciki, ina taɓa shi ya karkata, na ce a'a. Muka zaro durowar kabad muka ajiye a ƙasa, Saudat ta ce damina ce, kunama da cinnaku ba su san jariri ba. Na je kanti na ga wani gadon yara da aka kawo daga Gusau, mai fenti da tayoyi, ƙato ne har ba zai wuce ƙofar ɗakinmu ba, ga zurfi sai an tashi tsaye an sunkuya. Na dawo na faɗa mata, ta ce to a kira kafinta.

Ita ta tsara abinta da kanta. Ta kwanta a kan gado ta miƙa hannu, ni kuma ina aunawa da igiyar zane ina ƙullawa. Tsayinsa ya zo daidai da katifarta. Gefen da ke wajenta a yi shi da katako mai kauri, ya wuce kafaɗarta in tana kwance, don ko ciwo ya jefar da ita katako za ta buga. A bar 'yar kafa a tsakiya, daidai shigar tafin hannu. Sauran ɓangarorin a jera sanduna kusa da kusa, iska na shiga, kai ba ya fita. Ni kuma na ɗinka 'yar katifa mai tauri da audugar rimi, Saudat ta ce kar a sa matashi ko ɗaya, na yanka farin yadi na rufi saboda sauro.

Na kai igiyar wurin Malami kafinta, can bayan tashar jirgi. Malami dattijo ne mai kirki, sai dai ƙarar zarto ta cinye masa kunne, kuma shi ke yi wa masallatan garin makara. Wannan na biyun ban kawo shi a raina ba sam.

Ranar Juma'a da hantsi na je karɓa. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Amma sai na ga sanduna biyu dogaye sun leƙo gaba da baya.

"Baba Malami, wannan fa?"

"Mariƙi ne!" ya faɗa da ƙarfi. "In za a hidda shi tsakar gida a sha iska. Ni ban yin abu ba mariƙi."

Ba lokacin gardama, motar Shinkafi na hanya. Yayyafi ya fara, na lulluɓe gadon da farin yadin don kada katifa ta jiƙe. Malami ya kama gaba, ƙanensa Sule ya kama baya, suka saɓa a kafaɗa. Ni na biyo su a ƙasa daga nesa, tunda an hana mata hawa baburan kabu-kabu, kuma ba na son 'yan agaji su ce ina jerawa da maza.

Ba mu wuce masu shayin bakin tasha ba na ga mutane na miƙewa. Wani ya cire rediyo daga kunne ya ce, "Inna lillahi." Wani ya rufe shagonsa ya bi bayan Sule. Kafin mu kai kwanar unguwarmu sun zama jerin gwano, kowa na sauri kar lada ta wuce shi. Sai a nan na gane: Malami ne a gaba, ga mariƙi, ga farin ƙyalle.

Na ɗaga murya, "Jama'a, gado ne! Gadon jinjira ne!"

Wani mai gemu ya juyo ya daka mini tsawa. "Ke, koma gida! Mata ba su bin makara."

"Gidanmu za a kai shi, malam!"

"Allah shi ba ku haƙuri," in ji shi, ya ƙara sauri.

Kai! Na ji kamar in cire takalmi in jefe shi. Malami kuwa ko waiwaye bai yi ba, shi a zatonsa masu zuwa masallaci ne da wuri, Sule kuma in yayansa bai tsaya ba shi ma ba ya tsayawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar da ta fara yawo a cikinsu da suka ga gidan da aka nufa. Na ji ta da kunnena: "Mai farfaɗiyan nan ce. Ta danne ɗiyar."

A ƙofar gida muka tarar da motar Shu'aibu ta tsaya. Hajiya ta fito da sabon zanen goyo a hannu, ta ga taro, ta ga farin ƙyalle, ta ji abin da ake faɗa. Ta dafe mota ta saki salati. "Na hwaɗi! Na hwaɗi, ba a ji ba! Ta kashe min takwara!" Shu'aibu ya durƙushe a cikin taɓo ya riƙe kai.

Ina kutsawa in yaye ƙyallen sai na ga kowa ya juya yana kallon gidan. Saudat ce a bakin zaure, mai jegon da ko ƙofar gida ba ta leƙawa, hijabi a karkace, jaririya a ƙirji tana tsala kuka. Ta ji komai ta katanga. Ta ce wa Malami da hannu ya sauke, ya sauke. Ta fizge farin yadin da kanta, ta kwantar da ɗiyar a kan katifa, a rigingine, ta gyara mata ƙafa, sannan ta miƙe ta dubi mazan nan ido cikin ido.

"Tunda kun zo, ku duba da kyau," in ji ta. "Ga wadda anka ce na danne. Sunanta Maimunatu. Ɗiyata ce, ni na haife ta, ina son ta, kuma cikin gadon ga za ta kwana, gefena, yau da gobe."

Ta kira sunan 'yar fari, ta kira sunan suruka, a gaban maza, a titi. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka fara zamewa, mai gemun nan ya rasa inda zai sa idonsa. Ni kuwa, Allah ya sani, guɗa ce ta taso mini na danne ta da ƙyar.

Hajiya ta matso ta leƙa gadon, ta ga jikarta na wutsil-wutsil, hawaye na zuba mata. Na yi zaton za ta sauko. Ina! Ta ɗago ta ce, "Ke ba ki da ta ido. Sunana kika kira gaban jama'a?"

"Ki gafarce ni, Inna. Amma ba ni ba da ita."

"To ki riƙe. Ƙafata ba ta ƙara taka inda kike." Ta shiga mota ta ja ƙofa. "Shu'aibu, tashi ka mai da ni Shinkafi."

Shu'aibu ya miƙe, wandonsa duk taɓo. Ya kalli motar, ya kalli matarsa da ke ƙoƙarin cicciɓar gadon ita kaɗai da ɗanyen jiki. Uwar ta sake kiransa. Ya zaro makullin motar ya miƙa wa Sule, da yake ya iya tuƙi, ya ce, "Don Allah kai Inna gida, ka bi da ita a hankali."

Sannan ya sunkuya ya kama mariƙin gaba, ni na kama na baya. Saudat ta zura hannunta ta kafar nan ta dafa cikin ɗiyarta, a haka muka shiga zaure.