Juneli da Mai Gyaran Lema

"A hankali mana, Tek! Buhun shinkafa ka ɗauko?"

Muna tsakiyar matakala lokacin da Kaka Dirgha ya faɗi haka. Tek makanike ya rungumo shi ta hammata, ni kuma ina riƙe da ƙafafunsa, 'yarsa Urmila tana biye da bargo da matashi. Tsohon ba shi da wani nauyi, matakalar ce matsattsiya irin ta gidajenmu na Kirtipur, wadda ko tulu ka ɗauko sai ka karkace.

Muna fitowa tsakar gida Phulmaya mai wanki ta hango mu, ta yar da bokiti ta ɗora hannu a ka. Ban ga laifinta ba. A wurinmu ba a sauko da majinyaci daga bene sai lokacinsa ya yi, don ya cika a kan ƙasa. Ta buɗe baki za ta rangaɗa kuka ke nan, Kaka ya ɗaga yatsa.

"Phulmaya, adana hawayenki, zan neme su nan ba da daɗewa ba. Yau wajen budurwata na sauko."

"Wace budurwa kuma, Kaka?"

"Mai ƙafa huɗu. Ku ajiye ni inda rana take."

Ni ce Subhadra, mai shagon shayi a bakin lungun. Tun ina amarya na tarar da Kaka Dirgha zaune jikin bangon shagona yana gyaran lema, kuma a wurin ya tsufa. Shayina ya sha har haƙoransa suka ƙare, bai taɓa cewa ya yi daɗi ba, bai kuma taɓa barin ko ɗigo a kofi ba. Da ciwon huhu ya ci ƙarfinsa, likitoci suka ce wa Urmila ta kai shi gida ta ba shi duk abin da ransa ke so. Ashe abin da ransa ke so karya ce.

Ni dai ba na son karnuka, kowa ya sani. Amma ko ni sai na yarda cewa Kaka ya gyara mana lungu. A da, sanyi na shigowa sai ka ga 'yan kwikwiyo ko'ina, ƙarƙashin benci, bakin kwata, cikin tayoyin Tek. Babura su take wasu, sanyi ya kashe wasu, waɗanda suka rayu su tashi da ƙazuwa da yunwa. Kaka ne ke kwashe gawarwakin da safe kafin yara su fito makaranta. Da ya gaji da binnewa sai ya ƙulla abota da wata likitar dabbobi, Dokta Dolma. Ya riƙa lallaɓa karnukan ɗaya bayan ɗaya yana miƙa mata, ta yi musu aikin tsayar da haihuwa da allurar haukan kare, ta ɗan tsaga bakin kunne don shaida, ta dawo da su inda ta ɗauke su. A hankali duk karen lungunmu ya zama mai tsagaggen kunne, suka yi ƙiba, suka rage faɗa.

Sai Juneli. Farar karya ce mai wayon tsiya. Tun motar Dokta Dolma ba ta shawo kwana ba take gane ƙararta, ta haye katanga ta ɓace. An gwada raga, an gwada keji da nama a ciki, ta cinye naman ta bar musu kejin. Ita kuwa haihuwa kamar an sa ta gasa. Kaka yana da wani kwali da ya shimfiɗe da tsofaffin ƙyallayen lema a ƙarƙashin bencina, nan take zube 'ya'yanta, nan kuma yawancinsu ke mutuwa.

A haihuwar bara ce ta ciji ƙaramar 'yar Tek a sha-raɓa, don yarinyar ta miƙa hannu cikin kwalin. Sai da aka yi ta kai ta allurai. Ranar Tek ya tsaya gaban shagona idonsa jajir.

"Kaka, albarkacinka take ci. Amma ka ji da kyau, ran da ka rufe ido, in dai tana nan tana zuba mana 'ya'ya tana cizon namu, nama zan ba ta da guba. Ba ɓoyewa zan yi ba."

Tek ba mugu ba ne, uba ne kawai. Kuma duk mun san ba ya magana biyu.

Juneli tana cin abincin Kaka, amma ba ta yarda ya taɓa ta, sai rana ɗaya tak a shekara, ranar karnuka ta bikin Tihar. A ranar kowane kare ana rataya masa sarƙar furanni, a ɗiga masa jan kwalli a goshi, a ba shi abinci mai kyau, domin su ne masu tsaron ƙofar Yamaraj, sarkin mutuwa. Juneli ta gane cewa bayan furen Kaka akwai dafaffen ƙwai, saboda haka take sunkuyar masa da kai. Dokta Dolma ta sha roƙonsa ya riƙe mata ita a ranar, yana ƙi. "Ranarta ce," yake cewa. "Ba a cin amanar mutum ranar sallarsa."

Bana shi da kansa ya sa Urmila ta kira likitar a waya.

Ranar ce muka sauko da shi. Muka fito da shi lungu muka jingina shi da bango, muka lulluɓe masa ƙafafu. Lungu ya cika da ƙamshin wainar sel da ake toyawa, karnuka suna ta yawo da furanni a wuya kamar angwaye. Kaka ya zaro tasa sarƙar daga ƙarƙashin riga. Da na karɓa don in gyara masa sai na ji ta da nauyi. Ba a zare ya shirya furen ba, a igiyar lema ce mai ƙarfi, ya zura ta cikin wani zoben ƙarfe, yadda in an ja za ta tsuke daidai wuya ta tsaya. Ashe abin da yake ta yi ke nan a gado, Urmila na zaton carbi yake ja.

Phulmaya ta leƙo ta gani, ta riƙe haɓa.

"Kaka! Tarko za ka ɗana wa baiwar Yamaraj a ranarta? Kai da kake shirin zuwa gabansa?"

"To ai shi ke nan, ta riga ni kai ƙara, in na isa in yi bayani. Ke dai matsa, kina tare mini rana."

Dokta Dolma ta bar motarta can bakin titi, ta shigo da ƙafa ta zauna a shagona tana shan shayi kamar baƙuwa, bargo a cinyarta. Kejin kuwa Tek ya ɓoye shi bayan ƙofar garejinsa. Muka zauna jira. Kaka yana ta ɗan fito da leɓe, fiton da ba ya fita sosai saboda numfashi.

Can sai ga ta. Ta tsaya nesa tana shinshina iska, ta dubi shagona, ta dubi Tek. Sannan ta ga ƙwan a cinyar tsohon. Ta tako a hankali, jela a ƙasa, ta zo ta tsaya tsakanin ƙafafunsa.

"Kin zo, uwar garke?" in ji shi. "Na ɗauka kin manta da ni. Kawo goshin."

Ya dangwali jan kwallin ya ɗiga mata. Ɗigon ya karkace. Ya ɗaga furen, ta sunkuyar da kai kamar kullum. Ya rataya mata, ya shafa kunnenta sau ɗaya, sannan ya ja igiyar.

Ihun da ta yi har yau ina jin sa. Ta yi tsalle baya, furanni suka watse, igiyar ta fara zamewa daga yatsun Kaka, don ba shi da ƙarfin riƙe ko kaza. Ni ce mafi kusa. Ban san lokacin da na yar da ludayi na cafke igiyar na naɗe a hannu ba, ni da ban taɓa taɓa kare ba tunda uwata ta haife ni. Ta ja ni har na durƙusa.

"Riƙe, Subhadra, kar ki saki!" in ji Dokta Dolma. Ta taho da gudu, ta jefa wa karyar bargo ta danne, ta soka allura. Tek ya kawo kejin. Kafin maganin ya ɗauke ta, Juneli ta fito da kai daga bargon, ba ni ta kalla ba, ba likitar ba, Kaka ta kalla. Shi ma bai kau da ido ba.

Aka tafi da ita. Kaka ya dubi cinyarsa.

"Ba ta ci ƙwan ba," ya ce.

"Gara haka, Baba," in ji Urmila. "Likita ta ce da cikin wofi ake aikin."

"Na sani. Amma don shi ta zo."

Ya ƙi yarda a mayar da shi sama. Ya ce ya gaji da zama buhun shinkafar Tek, kuma tunda an riga an sauko da shi, a bar wahala ta zama ɗaya. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin ƙasa, daf da ƙofa, inda yake ganin lungu. Sauran kwanakin bikin a nan ya yi su, kuma ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi haka ba. 'Yan mata masu waƙar gida-gida suka zo, ya sa suka maimaita. Ya ci rabin wainar sel ya ce mai ya yi yawa. Mutane suka riƙa kawo tsofaffin lemominsu, wai a duba musu, alhali damina ta wuce, shi kuwa yana kwance yana ba Urmila umarni tana gyarawa a karkace yana yi mata tsiya.

Bayan biki motar Dokta Dolma ta dawo. Aka buɗe keji, Juneli ta fito, cikinta a aske, bakin kunnenta a tsage, jan ɗigon nan bai gama gogewa daga goshinta ba. Kaka ya yi mata fito. Ta dube shi, ta juya ta tafi can wajen famfo ta kwanta, ta ba shi baya.

Abin ya yi mini ciwo, har na ce, "Ji butulu! Bayan duk abin da ka yi mata?"

"Bar ta, Subhadra. Ni aka yi wa haka, sai na fi ta fushi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Fushi ai na masu rai ne. Ta yi ta yi."

Da yamma Tek ya zo yana goge hannu da tsumma. Ya tsaya ya daɗe yana kallon kunnen karyar daga nesa, sannan ya tsuguna bakin ƙofa.

"Kaka, maganar nan da na yi bara, na janye."

"Wace magana? Kai kullum cikin magana kake."

"Ka sani mana."

"To na ji. Ka gaya wa 'yarka kwalin ya zama na mutum ɗaya yanzu, ba abin da za a tsare a ciki. Kuma ka rage ƙarar baburan nan, ana son mutuwa cikin natsuwa a nan gidan."

Kullum da hantsi ina kawo masa shayi, Urmila ta jawo katifar zuwa bakin ƙofa don ya sha rana. Kullum Juneli tana wajen famfo. Sai dai na lura in rana ta matsa sai ta bi ta, wurin kwanciyarta yana ɗan matsowa. Ban faɗa ba, shi ma bai faɗa ba, amma na ga yana auna tazarar da ido, irin yadda yake auna ƙarfen lema.

Ranar da ya cika, hantsi ne mai haske, duwatsun ƙanƙara sun fito tar a bayan rufin gidaje. Na kawo shayi na tarar da ita kwance a dokin ƙofa, ta ɗora haɓa a kan takalmansa. Tsakaninta da hannunsa bai fi taki ɗaya ba. Bai miƙa hannun ba.

"Kar ki yi motsi da ƙarfi," ya ce mini a hankali. "Baƙuwa gare ni."

Ya kurɓi shayin ya yamutsa fuska. "Sukari ya yi kaɗan."

"Shekara nawa kana faɗin haka, Kaka?"

"Ki dafa mata ƙwai. Ina da alkawari."

Na koma shago na ɗora ruwa. Kafin ƙwan ya dahu na ji muryar Urmila tana kiran "Baba, Baba," ba da ƙarfi ba. Da na zo na tarar idonsa a lumshe, fuskarsa a sake, kofin a gefensa babu ko ɗigo. Phulmaya ta fito da hawayen da ya ce ta adana, kuma ta yi kukan da kyau. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, don na so tsohon nan.

Maza suka ɗauke shi zuwa bakin kogi, inda muke ƙona mamatanmu, Tek yana gaba. Juneli ta bi su har ƙarshen lungu ta tsaya, ta daɗe a tsaye, sannan ta dawo. Ƙwan ya huce a tukunya. Na ɓare shi na ajiye a ƙasa na ja da baya, ta zo ta cinye.

Yanzu sanyi ya shigo sosai. Da safe in na buɗe shago babu abin da ake kwashewa kafin yara su fito. Igiyar lemar tana rataye a ƙusa bayan kantana, da 'yan busassun furanni da suka maƙale a jiki. Kwalin Kaka yana nan ƙarƙashin benci da baƙaƙen ƙyallayensa. Juneli tana ciki ita kaɗai, ta miƙe ƙafafu har sun leƙo waje, gashin cikinta ya tsiro, tsagaggen kunnen yana ɗan motsi duk lokacin da na buga ludayi a tukunya.