Jakar Kawu Adzuana

Bayan abin da ya faru a majami'ar hayin kogi, inda wasu suka shiga sujada kamar baƙi da makamai a cikin jakunkuna, Fasto Iortim ya kira mu dattawan ikilisiyar Tse-Gbaka. Muka zauna a gindin mangwaro.

Gyuse ne ya zo da tsari. Tsohon ɗan sanda ne, sa'ana ne kuma, wuƙa ɗaya ta yi mana kaciya. Ya ce a sare ciyawar bayan gini. A fasa ƙofa ta biyu ta gefen da mata ke zama, don kada a tattake juna in gudu ya kama. A daina jingina babura a jikin bango. A gina wa janareta ɗaki da kwaɗo. Matasa su riƙa tsayawa a kusurwoyi har a tashi. Duk muka yarda. Sannan ya ce duk wanda zai shigo da jaka ko buhu, sai an duba a bakin ƙofar shinge.

"Wa zai tsaya a ƙofar?" in ji Fasto.

"Orkuma mana," in ji Gyuse, yana nuna ni da baki. "Wannan fuskar tasa ko kare ya gani sai ya juya. Matarsa ma daga nesa take tura masa sakwara."

"Gara ni," na ce. "Kai in ka tsaya da wannan tumbin, ba mai samun hanyar shiga."

Aka yi dariya. Na bari suka gama.

"Kwandon mata na gane," na ce. "Buhun amfanin gona da ake kawowa baiko na gane. Jakar dattijo fa?"

Kowannenmu da tasa jakar fatar a rataye. A wurinmu ba mai sa hannu a jakar dattijo. Matarsa ba ta taɓa ta. 'Ya'yansa ne ke buɗe ta, su ma sai an binne shi. Wanda ya buɗe ta alhali mai ita yana numfashi, mutuwa ya kira masa.

Fasto yaro ne, a birni ya girma. Ya ce, "Baba, mugu ma zai iya rataya jakar fata ya sa furfurar ƙarya. In mun ware wasu, ba mu yi komai ba."

"Kowa da kowa," in ji Gyuse.

Ban yarda da amsar mutum biyu ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina kiran sunan kowa, kowa yana cewa i. Na ce, "In wani ya yi fushi, wa ya aike ni?"

"Ikilisiya ce ta aike ka," in ji Fasto.

Gyuse ya dafa ƙirji. "In an zo kanka, a fara da ni."

Na karɓi ƙofar.

Aikin bai yi wuya ba da farko. Dattawan garinmu suka fara barin jakunkunansu a gida ran Lahadi, har da ni, don haka ban buɗe ta kowa ba. Mata ne suka dame ni. Matata Mbakaan ta miƙo mini kwandonta a gaban jama'a ta ce in duba da kyau, wataƙila ta ɓoye bindiga a ƙarƙashin lemu. Na duba da kyau. Ranar ban ci abincin rana da zafi ba.

Sai Lahadin godiyar girbi ta zo. Baƙi daga ƙauyuka, doya a tule gaban bagadi, awaki a ɗaure jikin shinge, layi har bakin hanya. Ina cikin kwance wani buhun riɗi na ɗaga kai, na ga ɗan kawuna Kwaghga yana sauke mahaifinsa daga babur.

Kawu Adzuana ne, autan ɗakin su mahaifiyata, shi kaɗai ya rage. Shi ne babba a ƙauyen Tse-Nyam, shi ne igba ɗina, wato dangina na wajen uwa. Ina saurayi, da 'yan'uwan ubana suka taso mini a kan gona, gidansa na gudu. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya tsaya a ƙofa da mashi, ba wanda ya ƙetare. Ranar da zan mutu kuma mutanensa ne za su zo su zauna, su tambayi abin da ya kashe ɗan 'yarsu, su nuna inda za a haƙa. Mutumin da igba ɗinsa bai zo ba, kamar baƙon da ya faɗi a kasuwa ake binne shi.

Ya tako a hankali da sandarsa, ya yafa zanensa mai baƙi da fari. Jakar tana kafaɗarsa. Ba wanda ya aika masa da labarin dokar.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya dafa kaina.

"Ɗan 'yar'uwata, sun mai da kai mai gadi? Tashi, gwiwarka ta fi tawa lalacewa."

Na tashi, amma ban kauce ba.

"Kawu, akwai doka. Ana duba jaka."

"Madalla. Ka duba nasu."

"Har taka, Kawu."

Ya dube ni kamar bai ji ba. Kwaghga ya matso. "Orkuma, giya ka sha da safen nan?"

Na ce, "Kawu, ko ka ba Kwaghga ya riƙe maka a waje."

"Ba na rabuwa da ita," in ji shi. Muryarsa ta yi ƙasa. "Kira mini wanda ya fi ka."

Na aika a kira Fasto. Gyuse ne ya fito. Ya tsaya daga cikin shinge, ya gaida Kawu da hannu biyu, sannan ya ja ni gefe.

"Fasto yana cikin addu'a. Ya ce doka doka ce. Dubi layin nan, duk idonsu na kanka. In ka bar shi ya wuce, gobe kowa kawun wani ne. Buɗe, ka leƙa kawai. Muna bayanka."

Ya faɗa, ya koma ciki.

Na dawo na miƙa hannu. Kawu bai ba ni ba, bai kuma hana ni ba. Na zare jakar daga kafaɗarsa, na kwance bakin. Igiyar ta tsufa, ta tsinke, kayan suka zube ƙasa. Kwalbar tabar gari, goro, aska. Sai tsummoki a naɗe, wasu a jiƙe. Tsoho ya daina riƙe fitsari, da su yake rufa wa kansa asiri. Ko 'ya'yansa mata ba su sani ba. Yanzu layi duka ya gani. Wata mata ta kau da kai. Wani can baya ya yi dariya ya haɗiye.

Na sunkuya zan kwashe. Ya sa sandarsa ya tare hannuna. Da kansa ya tsuguna ya tattara. Ya ce wa Kwaghga, "Mu koma gida." Bai sake dubana ba.

Na tsaya a ƙofar har aka tashi. An ba ni aiki, ban bar shi ba.

Cikin makon Kwaghga ya zo gidana. Ya ƙi zama, ya ƙi ruwa.

"Baba ya ce kada ƙafarka ta taka Tse-Nyam. Ya ce ka binne shi da ransa, shi ma ba ruwansa da gawarka. Amma ya ce in aikenka aka yi, waɗanda suka aike ka su zo su faɗa da bakinsu a gabansa. Laifin taro daban, laifin ɗan 'yar'uwa daban."

Na ji sanyi a raina, domin ina da shaidu. Na tafi wurin Fasto, ya kira dattawa. Na faɗa musu saƙon kamar yadda ya zo.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Fasto. "Za mu je."

"Ran kasuwa mai zuwa," in ji Gyuse. "Ka jira mu a mararraba da safe. Ka nemo akuya mai kyau, ba irin ramammun nan naka ba."

Na zaɓi babban bunsuruna. Mbakaan ta wanke mini zane. Ran kasuwa na isa mararraba tun rana ba ta yi zafi ba. 'Yan kasuwa suna wucewa suna tambaya ko na sayarwa ne. Na ce a'a. Inuwar itacen da nake zaune ta janye ta bar ni a rana. Ba Fasto, ba Gyuse, ba ko dattijo ɗaya. Na ce a raina wataƙila sun bi ta hanyar rafi. Na ja bunsuru na tafi.

Na tarar da Kawu a rumfar tsakar gidansa, dattawan Tse-Nyam kewaye da shi. Na tsaya a waje, domin ba a ce in shigo ba.

"Su wa ka zo da su?" in ji shi.

"Suna hanya, Kawu."

"Su wa?"

"Fasto da Gyuse da sauran dattawa."

Wani daga cikin tsofaffin ya yi tsaki. Kawu ya ɗaga masa hannu.

"Faston naka da Gyuse sun zo jiya," in ji shi. "Nan suka zauna. Sun kawo zakara da goro. Sun ce ikilisiya kwandon mata da buhu ta ce a duba, ba ta taɓa ambaton jakar dattijo ba. Gyuse ya ce ya fito ya roƙe ka ka bar ni in wuce, ka ƙi. Ya ce kowa ya san taurin kanka."

Na ce, "Ƙarya ne."

"Mutum biyu sun zo da ƙafarsu, ɗaya malamin Allah ne. Kai ka zo da akuya. Wa zan ji?"

"Kawu, ka taɓa kama ni da ƙarya tun ina kwana a gidan nan?"

Na ga ya san amsar. Amma dattawansa na zaune, ya kuma riga ya yi magana a gabansu.

"Ban taɓa ba," in ji shi. "Ban kuma taɓa tsammanin hannunka a jakata ba. Kawo mini mutum ɗaya da zai tsaya a nan ya ce an aike ka. Ɗaya. Kafin nan, tafi da abarka."

Na ja bunsuru na juyo. Ban bi ta gida ba, gidan Gyuse na nufa. Na same shi yana fere doya. Da ya gan ni ya ajiye wuƙar.

"Orkuma, zauna mu yi magana."

"Faɗi a tsaye."

"Ka san ɗana zai auri jikar wan Kawu Adzuana. An kai kaya. Da na ce ni na ce ka buɗe, auren ya mutu. Fasto kuma matan da aka auro daga Tse-Nyam sun kusa rabin zumuntar mata, sun ce za su bar majami'a. In laifin ya tsaya a kan mutum ɗaya, kowa ya huta. Kai ɗansu ne, za su huce."

"Ka ce a fara da kai."

"Haba, sa'ana. Maganar taro ce. Bari a yi bikin, da kaina zan je in gyara."

"Je ka yau."

Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da fere doya.

Na bi sauran dattawan gida gida. Wannan ya ce ranar taron kunnensa na ciwo. Wancan ya ce shi ma yana da igba, ba zai so sunansa ya shiga maganar jaka ba. Wani ya aiko matarsa ta ce ba ya nan, ina ganin takalminsa a ƙofa. Fasto ya riƙe hannuna ya ce mu yi addu'a, Ubangiji yana ganin zuciya. Na ce Ubangiji na gani, amma ba shi aka ce ya je Tse-Nyam ba. Na zare hannuna.

Lahadin da ta biyo suka aiko in koma ƙofar, wai matasan da aka sa ba a jin tsoronsu. Na ce su sa Gyuse. Ina zuwa sujada har yau, domin ba don su na fara zuwa ba. Ina zama a bencin baya. Ba na karɓar gurasar jibin Ubangiji daga hannunsu.

An yi bikin ɗan Gyuse bayan kaka. Na jira. Bai je ba. Da ruwan fari ya sauka Kawu Adzuana ya kwanta, bai daɗe ba ya cika. Ba a aiko mini ba, a kasuwa Mbakaan ta ji. Wanda ya yi maganar ya tafi da ita, ba kuma wanda ya isa ya janye ta a bayansa.

Na kira babban ɗana na zaunar da shi. Na ce masa ranar da na mutu kada ya aika Tse-Nyam, kada ya ajiye gawata yana jiran su, ba za su zo ba. Ya nemi wuri a bayan gida ya haƙa da kansa. Ya tambaye ni wa zai yi jawabi a madadin sa'o'ina, tunda Gyuse ne kaɗai ya rage a cikinsu. Na ce ba kowa.